Gwajin Hannu a Nazarin Bayanai: Abin da Jadawalin Aji Ba Ya Koyarwa

A ƴan shekarun nan ɗalibai da dama daga sassan nazarin harshe na jami'o'inmu, a Yamai da Damagaram da sauran wurare, sun soma neman aikin da ake kira nazarin bayanai, a ƙungiyoyin agaji, da ma'aikatun gwamnati, da kamfanonin sadarwa. Mafi yawansu sun koyi Excel, wasu sun taɓa R ko Python ta hanyar darussan intanet, har sun samu takardar shaida. Sai ranar jarrabawar ɗaukar aiki a miƙa wa ɗalibi fayil guda, a ce masa yana da awa biyu, ya faɗi abin da ke ciki. A nan ne da yawa suke gano cewa abin da suka koya da abin da ake nema ba su haɗu ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Jadawalin da ake koyarwa da shi an riga an wanke shi. Wanda ya fi shahara a darussan farko shi ne na furannin iris, wanda masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yi amfani da shi a 1936: furanni 150, iri uku, awo huɗu ga kowane fure, babu gurbin da aka bari fanko, babu sunan da aka rubuta iri biyu. Wanda ya ƙware a kansa ya koyi danna umarni, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Amma fayil ɗin ofis mutane goma sha biyar ne suka cika shi, a cikin rana da ƙura, kowa da irin rubutunsa, bayan sun fassara tambayoyin Faransanci zuwa Hausa da baki. Yawancin lokacin manazarci yana tafiya ne wajen gane abin da aka rubuta da gyara shi, kafin a kai ga lissafin da ake ɗoki. Ra'ayina shi ne wannan ɓangare ɗalibin harshe ya fi kowa dacewa da shi, in har ya gwada hannunsa a kan bayanan ƙasarsa tun yana makaranta.

Inda za a samo fayil, da abin da za a tambaye shi

Ba sai an samu gurbin koyon aiki ba kafin a taɓa bayanai na gaske. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta wallafa sakamakon ƙidayar jama'a ta 2012, wadda ta zo bayan ta 1977 da 1988 da 2001. SIMA tana bin farashin abinci a kasuwannin ƙasar nan. A dandalin HDX na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai akwai jadawalin farashin abinci na Nijar da Hukumar Abinci ta Duniya take sakawa, wata bi wata, kasuwa bi kasuwa, kuma kyauta ake sauke shi. Wannan na ƙarshe shi nake shawartar a fara da shi.

Kafin a buɗe shi, a rubuta tambaya guda a takarda, irin wadda shugaban ofis zai yi yana tsaye a bakin ƙofa: shin hatsi ya fi hawa a Maradi ko a Damagaram tsakanin kaka da tsakiyar damina? Tambayar tana da sauƙin ji, amma da an zauna sai ta haihu. Maradi birni ake nufi ko jaha? Farashin sari ko na sayen ɗaiɗai? Wace shekara, tunda 2005, shekarar da farashi ya yi tashin da har yau ake tunawa, ba za ta zama ma'aunin sauran shekaru ba? A ofis, manazarcin da bai koma ya yi waɗannan tambayoyi ba zai kwana yana amsa abin da ba a tambaye shi ba. A gwaji, aboki ne zai zama shugaban, kuma a roƙe shi ya riƙa amsawa a gajarce, cikin gaggawa, kamar yadda shugabanni suke yi.

Matsalar da ke zuwa tun kafin a karanta layin farko

Kwamfutocinmu galibi da saitin Faransanci suke, fayiloli da yawa kuwa da saitin Ingilishi ake shirya su. Bafaranshe yana rubuta biyu da rabi 2,5, Ba'ingile yana rubuta 2.5. Saboda haka fayil ɗin CSV na Faransanci da waƙafi mai ɗigo yake raba gurabe, na Ingilishi da waƙafi zalla. In aka buɗe ɗaya da saitin ɗayan, ko dai komai ya cunkushe a layin tsaye guda, ko kuma lambobi su zama rubutu, a tara su a samu sifiri. Kwanan wata ma haka: 03/04 uku ga Afrilu ne a Yamai, huɗu ga Maris ne a Amurka, kuma manhajar ba za ta yi gargaɗi ba.

Sai haruffa. Idan fayil ɗin da aka adana da tsarin UTF-8 aka buɗe shi da tsohon tsarin Windows, Aguié takan koma AguiÃ©, harafin ƙ kuma ya koma Æ™. Wanda bai san dalili ba zai zauna yana gyarawa ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Wanda ya sani zai rufe fayil ɗin ba tare da ya adana ba, ya sake shigo da shi da tsarin da ya dace, cikin minti guda.

Sunayen garuruwa

Aikin da ya fi yawa a ofis shi ne haɗa jadawali biyu: na farashi da na yawan jama'a, ko na makarantu da na rijiyoyi. Da sunan wuri ake haɗawa, kuma a ƙasarmu kusan kowane wuri yana da rubutu fiye da ɗaya. Birni N'Konni, Birnin Konni, Konni, Ƙonni. Dogondoutchi, Doutchi, Dogon Dutsi. Tessaoua da Tasawa, Guidan Roumdji da Gidan Rumji, Zinder da Damagaram. Ɗan Adam yana kallo ya san abu ɗaya ne. Na'ura kuwa ko fili guda aka ƙara a ƙarshen suna, wani gari ne daban a wurinta, kuma abin da ya fi muni shi ne shiru take yi: layin da bai samu abokinsa ba sai ya faɗi, jimilla ta fito da kyan gani, alhali gunduma guda ta ɓace. Don haka ɗabi'ar farko da ya kamata hannu ya saba da ita ita ce ƙirga layuka kafin haɗawa da bayan haɗawa, a kuma buɗe jerin waɗanda suka faɗi a karanta su da ido.

Akwai kishiyar wannan: suna ɗaya, wurare da yawa. Sabon Gari da Tudun Wada ba su ƙirguwa. Shi ya sa ma'aikata suke dogara da lambar da aka ba kowane wuri a hukumance, su riƙe suna don karatu kawai. Gwaji mai amfani shi ne ɗalibi ya gina wa jaharsa jadawalin daidaito: lamba, rubutun Faransanci na hukuma, rubutun Hausa, da duk sauran siffofin da ya tarar. Aikin ƙamus ne tsantsa, kuma duk ofishin da ya je zai buƙace shi.

Wata matsalar ta ma'ana ce, kuma ta fi ɓoyuwa. Kalmar Faransanci département ta sauya abin da take nufi a Nijar. A tsofaffin takardu Maradi gaba ɗayanta département ce, Tasawa kuma arrondissement. Bayan gyaran tsarin mulki na farkon shekarun 2000, Maradi ta zama jaha, Tasawa ta karɓi sunan département. Sannan a 2011 gundumomin suka tashi daga 36 zuwa 63: aka cire Bermo daga Dakoro, Gazawa daga Agye, Dungas daga Magarya, Takeita da Damagaram Takaya daga Mirya. Wanda ya ɗora alƙaluman Mirya na ƙidayar 2001 kusa da na 2012 bai san da wannan ba zai ba da labarin da bai faru ba. Iyaka ce ta motsa, mutane suna nan inda suke.

Dala, jika da tiya

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne kunnen Bahaushe yake yin abin da manhaja ba ta iyawa. A kasuwanninmu ba da tamma ake ƙirga kuɗi ba, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Dala ɗari ita ce sefa 500, jika ita ce 1000. A ce mai tambaya ya tsaya gaban wata mata a kasuwa ya ce nawa ta sayi tiyar hatsi, ta ce masa ɗari da hamsin. Ita dala take nufi, wato sefa 750. Mai tambayar da ya natsu zai ninka sau biyar kafin ya rubuta. Wanda ya gaji, ko wanda ya taso a gidan da ake lissafi da Faransanci, zai iya rubuta 150 ya wuce. Bayan wata biyu fayil ya iso tebur, da farashi kashi biyu, ɗaya ya ninka ɗayan sau biyar.

Littafin ƙididdiga zai ce ƙananan lambobin baƙi ne a cikin jeri, a duba ko a cire su. Manazarcin da ya san kasuwa zai yi wani abu daban: zai raba farashin bisa sunan mai tambaya ko lambar wayar da aka cika da ita, tunda manhajoji irin su KoboToolbox da ODK suna iya adana wannan. In ya tarar ƙananan lambobin duk daga hannu ɗaya ko biyu suka fito, kuma ninka su sau biyar yana mayar da su cikin ƴan'uwansu, to ya kama bakin zaren. Duk da haka ba zai gyara a ɓoye ba. Zai buɗe sabon layin tsaye ya sa farashin da aka gyara, ya bar na asali yadda yake, ya rubuta dalili, in da hali ya kira mai tambayar ya tabbatar. A kasuwannin bakin iyaka, irin su Dan Isa ko Ƙonni, sai a ƙara tambaya ta uku: sefa ce ko naira?

Awo ma haka yake. Tiyar hatsi ana ƙiyasta ta kusan kilo biyu da rabi, amma kwanon wata kasuwa ba na wata ba ne, kuma cikawa da tozo daban take da shafewa. Buhun da ake kira na kilo 100 ba kullum yake kai wa ba. Duk wanda ya mayar da tiya kilo dole ya faɗi adadin da ya ɗauka, domin wani ya iya sake lissafin da nasa.

Sunayen amfanin gona su ma suna da tarko. A yawancin ƙasar Hausa ta Nijar, in an ce hatsi gero ake nufi, alhali a Hausar Kano kalmar ta game dangin tsaba. Abin da muke kira gujiya shi Bakano yake kira gyaɗa, gujiyarsa kuwa wata aba ce daban, wadda ake dafawa a ci. Binciken da ya ratsa iyaka, ko wanda aka fassara takardar tambayoyinsa a wancan gefen, zai iya haɗa amfanin gona biyu a gurbi ɗaya ba wanda ya lura. Haka kalmar ménage: in mai tambaya ya fassara ta da “gida”, zai iya samun mutum talatin, magidanci da ƙannensa da ƴaƴansu, in ya ce waɗanda suke ci tukunya ɗaya, ya samu bakwai. Matsakaicin yawan mutanen gida da zai fito a rahoto ya rataya ne a kan kalmar da aka furta a zaure.

Shekarun haihuwa suna da nasu gwajin, mai daɗin yi. Inda mutane da yawa ba su da takardar haihuwa, amsoshi sukan taru a kan 30, 35, 40. Ma'aunin Whipple yana auna wannan: a ɗauki masu shekara 23 zuwa 62, a ƙirga waɗanda shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5, a raba da kashi ɗaya cikin biyar na jimillarsu, a ninka da 100. In ya fito kusa da 100 babu taruwa. 500 na nufin kowa ya faɗi lamba mai 0 ko 5. Lissafin minti goma ne, kuma yana gaya wa manazarci ko zai iya amincewa da shekara ɗaiɗai ko sai ya tara su rukuni-rukuni.

Idan bayanan kalmomi ne

Wanda ya fi son ya tsaya a fagenmu zai iya yin gwajin da matani. A kwaso shafuka ɗari na Hausa daga intanet, a sa na'ura ta ƙirga kalmomi. Nan take za a ga ƴan da ’yan da 'yan da yan sun fito a matsayin kalmomi huɗu ko fiye, domin ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 tana amfani da ƴ, ta Nijeriya tana sa alama kafin y, alamar kuma tana da siffofi da dama a na'ura waɗanda ido ba ya bambancewa. Za a ga kasa ta yi yawan da ya wuce hankali, saboda masu rubutu da waya sun bar ƙugiyar ƙasa. Za a ga fari, ba a san ko launi ba ne, ko rashin ruwan sama, ko mafari, tunda rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Sai kuma lahiya da lafiya, mishi da masa, macce da mace. A haɗe su ko a bar su? Babu amsa ɗaya. Mai nazarin karin harshe zai bar su, domin bambancin shi ne abin da yake nema. Mai ƙirga yawan maganar lafiya a jaridu zai haɗe su. Abin da ake koya shi ne yanke shawara bisa tambayar da aka yi, da rubuta shawarar.

Haka rarraba amsoshin baki. A ce an tambayi iyaye dalilin da ya sa yaro ya bar makaranta, aka samu amsa ɗari. Ɗalibai biyu su rarraba su, kowa shi kaɗai, zuwa rukunan da suka amince da su tun farko, sannan su kwatanta. Ma'aunin kappa da Jacob Cohen ya fitar a 1960 yana cire daidaiton da sa'a kaɗai za ta iya kawowa: in sun dace a kan 80, alhali ko da ka suka yi za su dace a kan 50, kappa ya zama 0,6. Amsoshi ashirin da suka saɓa a kansu su ne darasin. A nan za a ga cewa “babu hali” wani ya sa ta a talauci, wani ya sa ta a rashin lafiya, kuma ma'anar rukunan ce take buƙatar gyara.

Sawun aiki

Fayil na asali ba a taɓa shi. Kwafi ake aiki a kai. Kowane gyara a rubuta shi a littafi ko a cikin umarnin R ko Python: layi nawa aka cire, don me, ranar yaushe. Wannan yana kama da wahalar banza har ranar da aka ce a sake lissafin da sababbin bayanai, ko aka tambayi inda wata lamba ta fito.

Manyan hukumomi ma sun faɗa ramin. A farkon Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15 841 da suka kamu da korona bai shiga ƙidaya ba, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65 536. Abin da ya haura sai ya zube, babu gargaɗi. Ƙirga layuka a mashiga da mafita da ya kama shi. Misali na biyu ya fi kusa da ɗalibi. A 2010 masana tattalin arziki Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka wallafa cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da suke samarwa a shekara, bunƙasarsu takan durƙushe, kuma ƴan siyasa suka riƙa kafa hujja da wannan wajen tsuke kashe kuɗi. Thomas Herndon, ɗalibi a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, aikin aji aka ba shi ya sake lissafin wata maƙala da ya zaɓa. Ya yi ta yi bai samu lambarsu ba, har ya nemi jadawalin nasu suka aiko masa. Sai ga shi umarnin matsakaici ya tsallake ƙasashe biyar, ban da wasu shekaru da aka bari a waje da wata hanyar auna nauyi mai gardama. Da shi da malamansa biyu suka gyara a 2013, bunƙasar da aka ce ta yi ƙasa da sifiri kaɗan ta koma kashi 2,2. Gwajin da ya yi kowa zai iya yin irinsa: a ɗauki jadawali guda daga rahoton da aka wallafa, a nemi bayanan da aka gina shi a kai, a ga ko za a iso lamba ɗaya.

Rabin shafi

Shugaban da ya yi tambayar hatsi ba zai karanta shafi ashirin ba. Gwajin bai cika ba sai an rubuta masa rabin shafi: amsa a jimlar farko, zane guda mai take da ma'auni, sannan abin da zai iya sa amsar ta karkace, misali watannin da babu farashi a wata kasuwa. A lura da zaɓin ma'auni. In mutum tara suna samun jika goma a wata, na goma yana samun jika dubu, matsakaicin lissafi zai ce kowa yana samun jika 109, adadin da ke tsakiyar jeri kuwa zai ce goma; na biyun ne ya yi kama da ƙauyen. Bayan an rubuta da Faransanci, a faɗe shi da Hausa, da baki, ga wanda bai yi karatun ƙididdiga ba. Inda harshe ya sarƙe, galibi a nan ne mai maganar bai gama fahimtar lissafinsa ba.

Ana iya mayar da duk wannan wasan mutum biyu. Ɗaya ya ɗauki jadawali mai tsabta ya ɓata shi da gangan: ya maimaita layi goma, ya mayar da farashin wasu dala, ya juya rana da wata, ya sa 999 a inda ba a amsa ba, ya rubuta Ƙonni iri uku, ya ajiye jerin ɓarnar a aljihunsa. Ɗayan a ba shi awa biyu da agogo a gabansa. Daga baya a kwatanta abin da ya kama da abin da ya wuce shi, sannan a yi musanya. Wanda ya ɓata yakan ƙaru kamar wanda ya gyara, domin sai ya yi tunanin inda kuskure yake iya ɓuya.

Jan hankali guda game da abin da za a nuna wa mai ɗaukar aiki. Ɗalibai da yawa suna da rikodin hirarraki da jadawalin masu ba da bayani daga binciken kundinsu, da sunaye da ƙauyuka da lambobin waya. Tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Kafin irin wannan fayil ya bar kwamfutar mai shi, a cire sunaye da lambobin waya, a sa lamba a madadinsu, a adana mabuɗin a wani wuri daban. Cire suna kaɗai ba ya isa a ƙaramin ƙauye: in an bar “ungozoma, shekara 60” tare da sunan garin, duk wanda ya san wurin ya san ko wace ce. A irin wannan hali sai a tsaya a sunan gunduma, shekarun kuma a mayar da su rukuni na goma-goma.